Tsohuwar Waya, Sabon Kaya: Tarihin Wuta a Gidajen Haya na Mirriya da Damagaram

A Hausar da muke yi, kalma guda ce ke ɗauke da abin da ke dafa tuwo, da abin da ke haska ɗaki, da abin da ke cinye gida: wuta. In an ce "an kawo wuta" yara su yi shewa, in an ce "wuta ta kama" unguwa ta fito da bokitai. A gidajen haya na Mirriya da na cikin Damagaram, abin da ya raba maganganun nan biyu siririyar waya ce, wadda sau da yawa ta girmi masu kwana a ƙarƙashinta. Niyyata a nan in bi tarihin wayar nan: yadda ta zo ƙasarmu, da sunayen da muka laƙaba mata, da dalilin da ya sa yau ta gaza ɗaukar kayan da muke ɗora mata. Yawancin masu karanta ɗan littafin nan ɗalibai ne, yawancin ɗalibai kuma ƴan haya ne, saboda haka zancen namu ne.

Kafin waya

Mirriya tsohon gari ne, ɗaya daga cikin garuruwan Sosebaki, kimanin kilomita 18 gabas da birnin Damagaram. A ƙarni na 19 ta koma ƙarƙashin sarautar Damagaram, wadda ta kai ganiyarta a zamanin Sarki Tanimun, da ya rasu a 1884. Tanimun ya kewaye Birni da garu, ya sa aka ƙera masa igwa, fatake suna shigowa daga Kano da Borno da Abzin da Tarabulus. Duk da wannan ƙasaita, in rana ta faɗi, fada da bukkar talaka abu ɗaya suke kunnawa: ɗan kasko, da mai, da lagwani na auduga. Kalmar "fitila" ma daga Larabci muka are ta, inda asalinta ke nufin lagwanin kansa.

Zamanin Turawa ya kawo kananzir da ashana da fitilar ƙwai da kyandir, daga baya tocila. Mu ma muka ƙago aci-balbal da gwangwani, muka raɗa mata suna daga yadda take ci. Duk waɗannan wutar ido ce: kana ganin harshenta, ka san inda za ka ajiye ta nesa da zana da labule. Gidan da kakanninmu suka gina, na tubali da azara da yaɓen makuba, an tsara shi ne don irin wannan wuta. Babu wanda ya bar wa waya hanya a cikin bango.

Baƙo da masauki

Shi kansa gidan haya yana da tarihi. Unguwar Zango ta Damagaram masaukin ayari ce tun asali. Baƙo ya sauka wurin maigidansa, a ba shi ɗaki, a tsare masa kaya, a nemo masa mai saye, maigida ya samu la'ada. Attajirai irin Malam Yaro a nan suka yi suna. Abin da ke tsakanin baƙo da mai masauki amana ce da ciniki, kuma in soro ya yi yoyo kunyar maigida ce.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini. Daga 1911 zuwa 1926 birnin ne hedikwatar mulkinsu a Nijar, kafin su mayar da ita Yamai. Shekarun nan sun tara sojoji da tafintoci da akawu da kukumai, mutanen da ke karɓar albashi a ƙarshen wata kuma ba su da gida a garin. Irin waɗannan ne ke biyan kuɗin ɗaki wata-wata. Kalmar "haya" daga Ingilishi take, ta Kano ta iso mu. Sunayen ɗakunan kuwa Faransanci ne: "antire-kushe", wato ɗaki ƙwaya ɗaya, da "shambur-salon", wanda ƴan Najeriya ke kira ciki da falo, da "silibateriyam", jerin ɗakuna masu tsakar gida ɗaya da makewayi ɗaya.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da jandarmomi suka bazu cikin ƙananan garuruwa. Mirriya, da yake cibiyar mulki ce a bakin babbar hanyar da ta nufi gabas, ga kasuwar Lahadi, ta samu rabonta, har da ƴan kwaleji da ke zuwa daga ƙauyuka. A cikin Damagaram, kafa jami'a a 2010, wadda yau ke ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, ya ƙara yawan masu neman ɗaki. Mai gida ya tsaga zaure ya yi ɗaki biyu, ya rufe garke da kwano ya yi na uku. Ɗakuna suna ƙaruwa, waya tana nan yadda aka ja ta ranar farko.

Zuwan kuran

Waya ta riga wutar lantarki zuwa ƙasar Hausa. Wayar farko ta tangaraho ce, shi ya sa muke da gidan waya, da "buga waya", har zuwa wayar da ke aljihunka yanzu wadda ba ta da ko zare. Lantarki a Nijar ya fara ne da injinan gazuwal, a Yamai a farkon shekarun 1950, sannan manyan garuruwa irin Damagaram da Maraɗi, kowane gari da injinsa. Gidajen gwamnati da asibiti da bariki da kantunan Turawa su ne suka fara gani. A 1968 aka kafa NIGELEC, ta gaji kamfanin SAFELEC.

A wannan shekara ta 1968 ne Najeriya ta gama madatsar Kainji a kan kogin Kwara. A 1976 aka ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Mu na tsakiyar ƙasa sai a 1994 aka haɗa mu, da layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya biyo Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Ashe hanyar da goro da tufafi suka bi ita wuta ta biyo. Mun ga amfanin sanin wannan tarihi a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. A lokacin ƙasar tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga can.

Watannin nan sun bar tabo a bangon gidaje. Wanda ke da hali ya sayo janareta, wani ya sayo faranti mai zuƙo hasken rana da batir, kowa ya laƙa wa tsohuwar wayar gida yadda ya ga dama. Amfani da rana ba baƙon abu ba ne a Nijar, tunda Abdou Moumouni ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL tun 1969. Sai dai farantin da aka haɗa ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gari ba, haɗari ne ga gida, haɗari ne ga ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta.

Kowane abu suna biyu

A hutun da ya wuce na zagaya wurin masu gyaran wuta a Mirriya da Sabon Garin Damagaram, ina tattara kalmomin sana'arsu don wani aikin aji. Abin da na tarar shi ne kusan kowane abu sunansa biyu, ɗaya ya zo ta Kano, ɗaya ta Yamai. Akwai lantarki, akwai kuran. Akwai mita, akwai kwantar. Akwai soket, akwai firiz. Akwai ƙwai, akwai ampul. Akwai bil, akwai faktir. Wanda ya yi zama a Kano har yanzu yakan ce "Nepa ta ɗauke", alhali an sauya wa hukumar nan suna tun 2005, kuma ba ta taɓa aiki a Mirriya ba.

Ga mai nazarin harshe akwai abin sha'awa. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu su yi karo a farkon kalma, sai ta cusa wasali: prise ta zama firiz. Electric ta zubar da wasalin farko, ta samu "n" a ciki da "i" a ƙarshe, ta zama lantarki. Courant ta zama kuran, wadda ba ta haɗa komai da laƙabin Sarki Amadu Kuran Daga ba, ko da yake ƴan ajinmu sun ce dukansu biyu in sun kama mutum ba su da sauƙi. "Ƙwai" kuwa tamu ce, an dubi siffar abin aka ba shi suna.

Wannan rabuwa ba a baki kaɗai ta tsaya ba, tana cikin bango. Firiz ɗin Faransa ramukansa kewayayyu ne, na Ingila da Najeriya ta gada baki uku ne masu kusurwa. Dutsen guga ya zo daga Kano da ƙafa uku, bangonmu yana da rami biyu. Me ake yi? A sayo ɗan adafta mai arha wanda ke rawa a rami, ko a yanke kan a cusa tsirarar waya a danne da tsinken ashana. Launi ma haka. A tsohon tsarin Ingila, wanda wayar Najeriya ke bi har yanzu, ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce mai komawa. A tsarin Faransa na yau shuɗiya ce mai komawa, kore da rawaya ta ƙasa ce, baƙa kuwa tana iya zama mai wuta. Wani dattijon mai gyara ya buɗe mini akwati a wani gida mai ɗaki takwas, na ga launi biyar a murɗe wuri ɗaya. Ya nuna mini wadda aka ja lokacin gina gidan, da wadda aka ƙara da aka sa fanka, da ta lokacin firiji, da ta janareta. Ya ce shi ba ya yarda da launi a tsohon gida, sai ya gwada da abin gwaji.

Lissafin da waya ke yi

Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ana kare ta da fis na amfiya 10, wato wat 2200 ke nan. Mai 2.5 ita ake ja wa firiz. Amma gidajen haya da yawa ba su samu ko 1.5 ɗin ba. An ja musu ƴar tagwayen nan mai laushi ta 0.75, wadda aka yi don fitilar tebur, wadda in ta wuce amfiya 6 ta shiga wahala.

Mu ɗauki gida mai ɗaki takwas a shekarun 1980. Kowane ɗaki ƙwai ɗaya na wat 60, jimla 480. Ƙara fanka uku da rediyo, ba ka kai wat 1000 ba. Wanda ya ja wayar bai yi ha'inci ba, gwargwadon zamaninsa ya yi. Yau a gidan nan, ƙwayaye sun koma LED ba su cin komai, amma dutsen guga ɗaya wat 1000 ne, ƙarfen dafa ruwa da ɗalibai ke tsomawa a bokiti lokacin hunturu yana kai 1500. Su biyu kaɗai sun wuce 2200. Ga firijin matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, ga talabijin, ga caja a kowane lungu, wani ma ya sa na'urar sanyaya ɗaki.

Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta. In wutar ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi, in ta ninka uku ya yi tara. Robar da ta lulluɓe wayar an yi ta ne ta jure digiri 70. To, a watan Afrilu da Mayu, inuwa ma tana wuce digiri 40 a Damagaram, balle ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Roba ta bushe, ta tsattsage, ɓera ya ƙarasa. A gidan ƙasa ana kafa waya da ƙusa a jikin bango, yaɓen bana ya binne ta, damina ta jiƙa bangon, yaro ya dafa ya ce bango yana ja. Sama kuma azara ce da tabarma da zana, busassu tun zamanin kaka.

Abu biyu sun ƙara dagula lamarin. Na farko fis. Tsohon fis na tangaran yana da siririn zare da aka yi shi don ya narke kafin waya ta ƙone. Da ya dami mutane da yankewa, sai wani gwani a gidan ya sa masa jan ƙarfe mai kauri. Daga ranar fis ya daina yankewa, wayar bango ce ta zama fis. Na biyu wayar jabu: alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. In ka kankare da wuƙa sai ka ga fari. Alminiyam ba ya iya ɗaukar abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, kuma inda aka murɗe su tare mahaɗin yana sakwarkwacewa ya yi zafi. Amurka ma ta sha wannan: tsakanin 1965 da 1973, da jan ƙarfe ya yi tsada, an ja wa gidaje masu yawa wayar alminiyam, daga baya gobara ta sa aka koma ana gyara mahaɗai gida-gida. Araha ba ta ado.

Kwantar guda, ƙofa takwas

Me ya sa ba a gyarawa? Amsar tana cikin tsarin hayar. Alhakin kamfanin wuta ya ƙare a kwantar, abin da ke bayanta na mai gida ne. Mai gida kuwa ba a gidan yake kwana ba, wani lokaci ma gidan na magada ne, su goma, kowa yana jiran kasonsa a ƙarshen wata, ba mai son a taɓa. Ɗan haya shi ma yana lissafin baɗi za a yi masa sauyin wurin aiki, ko ya gama karatu, don me zai zuba kuɗi a bangon wani? Zancen da kowa ya sani ne:

"Baba Alhaji, wayar ɗakina fa tana wari."

"To ɗana, a yi haƙuri, Allah ya kai mu bayan damina."

Kwantar guda kuma tana haifar da rigimarta. Ana raba faktir ta hanyar ƙidaya: ƙwai kaza, fanka kaza, firiji kaza. Wannan ƙidaya ita ke koya wa mutane ɓoyo. Mai ƙarfen dafa ruwa ba zai ce yana da shi ba, sai dare ya raba ya kunna, ya rufe ƙofa. Kayan da ya fi kowane nauyi a kan waya shi ne wanda babu shi a lissafi. Bugu da ƙari, tunda kuɗin wuta hawa-hawa ne, gida takwas a kan kwantar ɗaya suna faɗawa matakin masu tsada, alhali kowannensu talaka ne.

Gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 da ta kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016 sun shiga tarihi saboda dukiyar da ta salwanta. Ɗakin haya in ya ƙone, katifa ce da akwati da takardun shaidar karatu, sai maƙwabta su zo jaje a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a ɗaure raƙumi.

Gyara

Abin da ake nufi da sabunta wayar gida sananne ne, yana cikin ƙa'idar NF C 15-100 ta Faransa da masu gyaran da suka yi makarantar sana'a ke koyo. A fara da ƙidayar gaskiya ta kayan kowane ɗaki. A kafa allo guda bayan kwantar, kowane ɗaki da layinsa da dijantar ɗinsa, yadda matsalar ɗaki ɗaya ba za ta kashe gida duka ba. Fitilu a kan 1.5, firiz a kan 2.5, na'urar sanyi da layinta daban. A sa makarin nan mai miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara bi ta jikin mutum ko jiƙaƙƙen bango. A kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, wurin da ke da danshi, a ja mata waya zuwa kowane firiz. Waya ta bi cikin bututu, mahaɗi ya zauna cikin akwati da abin ɗaurewa, a bar murɗawa da naɗe leda. Tsohuwar wayar kuma a cire ta, kada a bar ta a bango da rai.

Ba dole a yi shi rana ɗaya ba. Allo da makari da sandar ƙasa su ne farko, sun fi komai ceton rai kuma ba su kai sauran tsada ba. Sannan a bi ɗaki-ɗaki, musamman lokacin da wani ya tashi kafin wani ya shigo. Kowane ɗaki ya samu ƴar kwantarsa, ko a nemi ta kati mai biya kafin sha, ƙidayar ƙwai ta ƙare, ɓoyo ya ƙare. Batun kuɗi kuma muna da hanyoyinmu: ƴan haya su yi adashi su saya, a riƙa cirewa daga kuɗin haya wata-wata, a rubuta a takarda gaban mai unguwa, kowa ya riƙe kofi. Mai gida bai fitar da kuɗi a dunƙule ba, gidansa ya ƙara daraja, ɗan haya bai yi asara ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai aikin da ya rage namu, mu masu karatun harshe. Duk takardun gargaɗi da ke jikin kayan nan da Faransanci suke ko Ingilishi ko Sinanci, matar da ke sayar da ƙanƙara kuwa da Hausa take lissafinta. Ina ba ƙungiyarmu shawara mu zauna da masu gyaran wuta na Mirriya da Damagaram, mu fitar da shafi biyu da Hausa, boko da ajami, masu jera kalmomin nan biyu-biyu tare da alamun haɗari: firiz mai baƙin baki, warin roba, ƙwai mai lumshewa in an kunna dutsen guga, bango ko ƙofar ƙarfe mai ja. Injin da ya buga ɗan littafin nan zai iya buga su. Kafin nan, ɗan'uwa, in za ka kama ɗaki a farkon shekarar karatu, bayan ka duba rufi da makewayi, ka ce a nuna maka kwantar, ka buɗe fis ka ga abin da ke ciki, ka tambayi ɗaki nawa ke kanta.